Bindigar Fari ta Maharbin Barewa a Amurka

Na ga yau har da maharba a cikinmu. To, madalla, don maganar yau tasu ce. Sai dai ba a dajinmu za a yi farautar ba. Ƙetare teku za mu yi, mu tafi Amurka, mu ga yadda saurayi ya ke yi in ya tashi sayen bindigarsa ta fari don harbin barewa. Kada wani ya ce ina ruwansa. Dajinsu daban, bindigoginsu daban, amma kuskuren da sabon maharbi ya kan yi a can, shi ne wanda ya kan yi a nan.

Bari mu fara da naman. Ba mu da irinta a ƙasarmu, saboda haka ba mu da sunanta, sai mu ara mata sunan barewa. Ta fi barewarmu girma ƙwarai. Namiji ya kan kai kilo 70, wani ma ya wuce 100, watau wajen girman mariya ke nan. Ƙarƙashin wutsiyarta fari ne fat, in ta tsorata sai ta ɗaga wutsiyar ta ruga. Ƙahon namiji yana da rassa kamar itace. Ko wace shekara ya kan faɗi, wani sabo ya tsiro. Barewarmu kuwa, kun sani, da ƙahonta na fari ta ke mutuwa.

Wajen shekarar 1900 sai da a ka kusa ƙare wannan nama da harbi. Waɗanda su ka rage ba su wuce rabin miliyan ba a ƙasar duka. Sai a ka yi dokoki. A ka yanke kwanakin farauta, a ka ƙayyade yawan da mutum ɗaya zai kashe. A 1937 a ka yi wata doka wadda ta ce kuɗin harajin bindigogi da harsasai a riƙa kashe su wajen kiwon namun daji. Yanzu bareyin nan sun kai wajen miliyan 30. A jihar Mishigan, ran 15 ga Nuwamba a ke buɗe babbar farautarsu da bindiga, ran 30 ga wata a rufe. Kun ga kwana 16 ke nan. Saurayin da ya yi shekara yana jira, wataƙila sau ɗaya tak barewa za ta tsaya a gabansa. In bindigarsa ba ta dace da shi ba, ya yi hasarar kuɗinsa, ya yi hasarar shekararsa. Abin da ya fi wannan muni, ya ji wa dabba rauni, ta tafi ta mutu a cikin ƙunci, ba shi ya ci ba, ba ita ta rayu ba.

Kun san bindigar toka. A kan ɗura mata albarushi ta baki, a danna, a zuba ƙarafa. Cikin bututunta sumul ya ke. In an harba, ƙarafan su kan watse, kuma ba su zuwa nesa. Bindigar da mu ke magana a kanta ana kiranta raifil. In ka leƙa cikin bututunta, bayan ka tabbata ba kome a ciki, za ka ga waɗansu 'yan kwaruruka sun murɗa tun daga gindi har baki. Su ne su ke sa harsashi ya fita yana juyawa. Kun ga mazari in mace ta murza shi da kyau, ai tsaye ya ke tsayawa, ba ya tangaɗi. To, haka harsashin raifil ya ke tafiya, tsininsa na gaba. Shi ya sa ya ke zuwa inda a ka auna, ko da yadi ɗari biyu ne.

Harsashin kansa kashi huɗu ne. Akwai kwanso na tagulla. A cikinsa akwai albarushi. A gindinsa akwai wani ɗan maɓalli mai kama wuta in allurar bindiga ta buge shi. A bakinsa kuma akwai kan harsashi, shi ne mai fita ya tafi. Kwanso yana nan a cikin bindiga sai an fid da shi.

Yanzu sai ku dubi allo, don mun zo wurin lissafi. Ga abin da na rubuta: .30. Ku lura da ɗigon nan na gaba. Ba talatin ba ne. Ma'anarsa, in an raba inci ɗaya kashi ɗari, a ɗauki kashi 30. Faɗin ramin bututun ke nan, bai kai sulusin inci ba. Ga wani kuma: .243. Nan an raba inci kashi dubu, an ɗauki 243. Ya ɗan gaza rubu'in inci. Wanne ya fi faɗi, .30 ko .243? Wanda ya ce .243 saboda ya ga lambobi uku, ya faɗi. .30 daidai ya ke da .300, shi ne babba. Mutanen Jamus da Faransa kuwa da milimita su ke awo, sai ka ji sun ce 6.5 ko 7.

Nauyin kan harsashi da wani ɗan ma'auni a ke auna shi, sunansa giren. Giren 7,000 su ne laba ɗaya. Kan harsashi mai giren 150 ya kusa giram 10. Ɗan abin da bai fi wannan ba shi ke ka da naman da ya yi kilo ɗari. Ba nauyinsa kaɗai ba ne ya ke aikin, har da gudunsa.

Ga harsasan da saurayin nan zai tarar a kanti. Suna da yawa, amma biyar za mu duba.

Tsohonsu shi ne .30-30, na kamfanin Winchester. Ya fito a 1895. Talatin ɗin farko faɗinsa ne, na biyu nauyin albarushin da a ke zuba masa ne a zamanin, giren 30. Da shi a ka san bindigar nan ƙirar 1894 wadda John Browning ya zana, wadda an ƙera fiye da miliyan bakwai. Gajeriya ce, ba ta da nauyi, ba ta da shuri ƙwarai. Amma harsashinta ba mai dogon zango ba ne. In ka daidaita ta a yadi 100, kafin harsashi ya kai yadi 200 ya sauka ƙasa wajen inci 7 ko 8.

Sai .30-06. Ga shi kamar ɗan'uwan na farko, amma lambarsa ta biyu ba albarushi ba ce. Shekara ce, 1906, lokacin da sojan Amurka su ka fara aiki da shi. Kun ga sunayen nan ba ka'ida ɗaya su ke bi ba, sai dai mutum ya koya. Wannan harsashi yana da ƙarfi, da shi a ke harbin namun da su ka fi barewa girma nesa. Shurinsa kuma ba wasa ba.

A 1925 a ka fito da .270. Kwanso irin na .30-06 a ka matse wa baki, a ka sa masa siririn kai mai giren 130. Yana fita da gudun ƙafa 3,000 da 'yan kai a sakan ɗaya, watau kafin ka ƙifta ido sau biyu ya wuce rabin mil. In ka daidaita shi a yadi 200, a yadi 300 saukarsa wajen inci 7 ce. Wani marubuci, Jack O'Connor, ya yi shekaru yana yabonsa a mujalla, har sunansu ya zama kamar ɗaya.

.308 ya zo a 1952. Kwansonsa ya fi na .30-06 gajarta, amma aikinsu ya yi kusa da juna. A 1955 a ka ɗauki kwanson .308 ɗin, a ka matse bakinsa, ya zama .243. Kansa giren 100 ne in na barewa ne, gudunsa ya kusa na .270, shurinsa kuwa wajen rabin na .30-06. Akwai na baya-bayan nan, kamar 6.5 Creedmoor wanda ya fito a 2007, ya kuwa sami karɓuwa ƙwarai saboda sauƙin shurinsa.

Wanda ya taɓa zama da tsofaffin sojan da su ka je yaƙin Bama ya ji sunan .303. Harsashin sojan Ingila ne. Bayan yaƙi an sayar da bindigogin nan da araha a Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan, talakawa su ka yi ta farauta da su.

To, wanne ya fi? Duk biyar ɗin nan suna kashe barewa. Ba a taɓa jin barewar da ta tsira don an harbe ta a huhu da .243 maimakon .308 ba. Saboda haka tambayar da ta kamaci saurayi ba ita ce wanne ya fi ƙarfi ba. Ita ce, da wanne zai iya samun abin da ya auna? A nan maganar shuri ta shigo, ina so kuma mu daɗe a kanta.

Duk bindiga in ta tura harsashi gaba, ita ma sai ta koma baya, ta bugi kafaɗa. Abu uku ke ƙara shurin nan: nauyin kan harsashi, da yawan albarushi, da rashin nauyin bindigar kanta. Ku riƙe na ukun, don mutane su kan manta da shi. Saurayi ya kan ɗaga bindiga a kanti, ya ji ta sakayau, ya ce wannan za ta yi daɗin ɗauka. Gaskiya ne. Amma da harsashi iri ɗaya, mara nauyi ta fi mai nauyi shuri. Mai laba 7 zuwa 8 ita ce tsaka-tsaki.

Ba ciwon kafaɗa ba ne babbar illar shuri. Ciwo ya kan warke. Illar ita ce jiki ya kan koyi tsoro. Wanda jaki ya taɓa shura, ko wucewa zai yi ta bayan jaki sai ka ga ya noƙe, ba da saninsa ba. Haka mai bindiga. In ta buge shi sau biyar, sau goma, ga kuma ƙara a kunne, sai jikinsa ya fara shirin bugun tun bai zo ba. Daidai lokacin da zai ja kunama sai ya runtse ido, ya fizgi yatsa, ya tura kafaɗa gaba. Bakin bindiga ya motsa kaɗan, abin da bai kai kaurin tsinke ba. A yadi ɗari wannan ɗan motsi ya zama taƙi guda ko fiye. Harsashin da a ka nufi huhu da shi sai ya sami ciki ko cinya.

Shi mai yin haka ba ya yarda yana yi. In ka gaya masa sai ya rantse bindigar ce ba ta da saiti. Masu koyar da harbi suna da dabara. Sai malami ya karɓi bindiga ya juya baya, wani zubin ya sa harsashi, wani zubin ya bar ta wayam, ya miƙa wa almajiri. Ran da almajiri ya ja kunama a kan wayam, bindiga ba ta tashi ba, amma kowa ya ga bakinta ya yi ƙasa, idonsa a rufe. Daga nan gardama ta ƙare. Hali ne mai saurin kamawa, mai wuyar rabuwa. Samari kuwa, ko a can ko a nan, kunya su ke ji a ce sun sayi ƙaramar bindiga. Sai su sayi wadda ta fi ƙarfinsu don a ce da su maza. Ni a ganina wannan wauta ce mai tsada.

Kada kuma a zarce wajen ƙanƙanta. Akwai 'yan ƙananan harsasai na harbin zomo da kurege, ba su isa barewa ba. A Ingila doka ta hana harbin manyan bareyi da raifil ɗin da faɗin bakinsa bai kai .240 ba. Shi ya sa .243 ya ke da kasuwa a can, don shi ne ya haye iyakar da ƙyar.

Bayan shuri, sai saurayi ya dubi dajin da zai shiga. A gabashin Amurka daji ne mai duhu, sau da yawa ba ka hangen abin da ya wuce yadi 50 ko 80. A nan .30-30 ya wadatar, gajartar bindigar ma taimako ce a cikin sarƙaƙiya. A yamma kuwa fili ne fetal da duwatsu, nama ya kan hango ka tun daga nesa. Nan ne .270 da .308 su ke nuna amfaninsu. Waɗansu jihohi masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da gidaje kusa da juna sun taƙaita irin harsashin da za a yi farauta da shi, don kada ya wuce ya faɗa gidan wani. Saboda haka mai hankali ya kan karanta dokar jiharsa tun bai je kanti ba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗi ba. Ya tambaya ko ana samun harsashin a kantin ƙauyensu, da nawa a ke sayarwa. Bindiga sau ɗaya a ke saye, harsashi kullum ne. In yana da tsada ko wuyar samu, mutum ba zai yi ta gwaji ba, wanda bai yi gwaji ba kuwa bai iya ba.

Kan harsashi ma iri-iri ne. Na soja an lulluɓe shi da jan ƙarfe har tsini. Ya kan huda ya wuce, ya bar ɗan rami, dabba ta tafi da ciwo. Na farauta an bar masa tsini mai taushi. In ya shiga nama sai ya buɗe kamar laima, ya yi faɗi, dabba ta mutu da wuri. Jihohi da yawa sun hana farautar barewa da irin na soja. Da darma a ke cika yin cikin harsashi, darma kuwa guba ce. A jihar Kalifoniya, tun 2019 an hana farauta da mai darma, don wata irin babbar ungulu da ta kusa ƙarewa tana cin kayan cikin da maharba su ka zubar, gubar tana kashe ta. Na jan ƙarfe zalla su ke harbawa.

Game da ƙirar bindiga ba zan tsawaita ba. Akwai mai sakata, wadda a ke ɗaga hannunta a ja baya a mai da, kamar sakatar ƙofa. Akwai mai mariƙi a ƙasa, irin ta 1894 ɗin nan. Akwai mai cin harsashi ɗaya. Akwai mai ɗura kanta. Ga sabon hannu mai sakata ta fi, don ba ta da wuyar sha'ani, ba ta cika lalacewa ba, kuma da ka buɗe ta ka ga ko akwai harsashi a ciki. Abin da ya fi ƙira muhimmanci shi ne ƙotar ta yi daidai da tsawon hannunsa. Ya rufe ido, ya ɗora ta a kafaɗa, ya kwantar da kunci, sa'an nan ya buɗe ido. In ya ga saiti sosai ba tare da ya miƙa wuya ba, ta yi masa. In babbar riga ta yi maka yawa ka naɗe, amma ƙotar da ta yi tsawo sai an yanke. Ya kuma gwada da rigar sanyin da zai sa ran farauta, don Nuwamba a can sanyi ne mai tsanani.

Yawancinsu su kan ɗora madubin hangen nesa a bisa bindiga. Wanda ya ke kusanto da abu sau 3 zuwa sau 9 ya isa. Kada ya zuba kuɗinsa duka a bindiga ya sayi madubin banza. Ya kuma bar tazarar kamar yatsa huɗu tsakanin idonsa da madubi, in ba haka ba shuri ya sa bakin madubin ya tsaga masa gira.

Ya sayi bindiga, saura ya san iyakarsa. Zuciya da huhun barewa suna bayan ƙafar gaba, faɗin wurin wajen inci 8 ne, kamar ƙaramin faifai. Sai ya kafa takarda mai wannan faɗi a yadi 50, ya harba biyar, a zaune ko a durƙushe, yadda zai yi a daji. In duk sun shiga, ya matsar da ita yadi 100. Haka zai yi ta yi. Inda ya fara kuskure, ya wuce iyakarsa, ko da bindigar tana iya kaiwa ninki uku. Ya toshe kunnuwansa in yana gwaji, don ƙarar raifil tana kashe ji, jin da ya tafi kuwa ba ya komowa.

Harsashin raifil in bai sami abin da ya tare shi ba ya kan yi mil biyu, har uku. Saboda haka ba a harbin naman da ya tsaya a kan tudu, sararin sama na bayansa. Ba a harbin motsin ciyawa, sai an ga dabba sosai, an kuma san abin da ke bayanta. A 1949 jihar Niyu Yok ta fara tilasta wa sabon maharbi ya shiga aji ya koyi waɗannan ka'idodi kafin a ba shi lasin, sauran jihohi su ka bi. A yawancinsu sai maharbi ya sa riga ko hula mai ruwan goro mai haske. Mutum yana hango ta daga nesa, idon barewa kuwa ba ya rarrabe wannan launi kamar namu. Mu nan mun sha jin an harbi mutum a farautar dare, an ce an ɗauka nama ne. Maganar ɗaya ce.

Ga abu na ƙarshe a kan allo. A jikin bututun ko wane raifil an buga lambar harsashinsa. A gindin ko wane kwanso ma an buga, haka a jikin kwalin. Dole ukun nan su zama ɗaya, baƙi da baƙi, lamba da lamba. Kada ka ce ai ya shiga. Harsashin .308 yana iya shiga bindigar .270, a rufe sakata, amma kansa ya fi ramin bututun faɗi. In an ja kunama ba shi da hanyar fita sosai, bindiga tana iya fashewa a fuskar mai ita. Ku dubi .270 da .308 da .303 da .30-30 yadda na jera su. Wanda bai iya karanta lamba ba, duk ɗaya zai gan su.

Wani zai ce, to, Malam, da kai ne saurayin, wanne za ka saya? Da ni ne, in jikina ba shi da ƙwari, ko ban taɓa harba raifil ba, mai sakata zan saya, .243, da kan harsashi mai taushi na giren 100. In ina da ƙarfi, kuma ina sa ran wata rana in nemi naman da ya fi barewa, sai in ɗauki .308. Abin da ya rage na kuɗi in sayi harsashin gwaji da shi.

A ƙasarmu, tun dokar bindigogi ta 1959, ba mai ikon riƙe raifil sai da lasin daga hukuma. Wanda ya ke da tambaya a kan lambobin nan ya ɗaga hannu kafin in share allo.